Irin da ya yi fice a gonar gwaji, zai yi fice a gonarka? Darasi daga noman rake

Ƴan uwa manoma, da zarar sanyi ya shigo, rake yakan cika kasuwanninmu, daga Tanut zuwa Belbeji, daga Bakin Birji zuwa Gangara. Kusan dukansa a mota yake zuwa daga kudu. Mai garka a bakin tabki, in ya ga yadda yara da manya ke rububinsa, sai ya fara tunani: me zai hana ni ma in dasa? Wani kuma yakan ji a rediyo an ce masana sun fitar da sabon iri mai ba da ton kaza a hekta, sai ransa ya biya, ya sayar da akuya ya nemo irin.

Kafin a kwance akuyar, akwai abin da ya kamata a sani. Amfanin da aka auna a gonar gwaji, abubuwa uku ne suka haɗu suka ba da shi: irin da aka shuka, wurin da aka shuka shi, da shekarar da aka yi. In ka sayi iri, ɗaya kawai ka saya daga cikin ukun nan. Ƙasar wurin da ruwan shekarar ba su biyo ka gida ba. Masu binciken rake sun fi shekara 100 suna fama da wannan al'amari, kuma abin da suka gano zai amfane mu, ko da hatsi da wake kaɗai muke nomawa.

Me rake yake so?

A jiharmu ta Damagaram, gidan rake shi ne kudu: fadamun Ƙorama na wajen Matamaye da Magarya, da kwarurrukan Gidimuni, inda ruwa yake kusa da bisa har saiwa takan kai gare shi. Ana noma shi kuma a fadamun jihar Doso, wajen Gaya. A Najeriya, ƙasar Maƙarfi ta jihar Kaduna ta yi suna wajen raken sha da mazarƙwaila, garin Numan na jihar Adamawa kuwa raken masana'anta ake nomawa domin yin sukari.

Rake shuka ce mai daɗewa a gona. Hatsinmu wata uku ya ishe shi, amma rake sai ya yi wata 10 zuwa 12, wani ma fiye da haka. A tsawon wannan lokaci yana bukatar ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500, kamar yadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta. Yana son zafi da laima lokacin girma. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 20, girmansa yakan ja baya. Wannan sanyin kuma, tare da bushewar iska, shi ke sa ya daina tsawo ya tara zaƙi a cikin gaɓoɓinsa. Shi ya sa raken hunturu ya fi na damana daɗi. Ba ya jure kanwa da gishiri sosai. In ruwa ya kwanta a gindinsa ya daɗe, saiwar takan ruɓe. In aka cika masa takin zamani gab da sara, sai ya yi ta ganye, zaƙin ya ragu.

Kun ga ke nan ruwa, zafi, sanyi, ƙasa da taki duk suna da hannu a cikin amfanin. Abin lura kuma shi ne, ire-iren rake ba su amsa waɗannan abubuwa daidai da juna. Wani ƙishirwa kaɗan ke karya shi, wani yakan jure. Wani laka yake so, wani ya fi sakewa a ƙasa mai rairayi.

Yadda ake samun sabon iri

Manomi kara yake yankawa ya dasa, kowace gaɓa da idonta. Raken da ya tsiro daga wannan ido, uwarsa sak yake ɗaukowa. Saboda haka ba a samun sabon iri ta hanyar dashe. Sai masana sun bari rake ya yi fure, su haɗa furen iri biyu, su tattara ƴaƴan, waɗanda ƙanana ne ƙwarai, iska ma ɗaukarsu take yi. Kowace ƙwaya da ta tsiro, sabon iri ce da ba ta da kama.

A shekarar fari ana iya shuka dubun dubatan waɗannan tsirrai. A duba su, a zubar da mafi yawa, a bar ɗaruruwa. A dasa waɗannan a ƙananan filaye, a auna nauyi da zaƙi, a sake tacewa. Waɗanda suka rage, ƴan kaɗan, su ake kaiwa wurare dabam-dabam, a shuka su kafaɗa da kafaɗa da tsohon irin da manoma suka saba da shi, domin a sami abin kwatantawa. Daga haɗa fure zuwa ranar da za a miƙa wa manoma iri, akan ɗauki shekara 10 zuwa 15. A Najeriya, cibiyar bincike ta Badeggi da ke jihar Neja ita aka ɗora wa wannan aiki.

Me ya sa ake daɗewa haka? Domin gwajin wuri ɗaya na shekara ɗaya yana yaudara.

Abubuwa huɗu da gonakin gwaji suka nuna

Na ɗaya, bambancin wuri da wuri yakan fi bambancin iri da iri girma. In aka kai ire-ire goma wurare biyar, sau da yawa za a tarar mafi rauninsu a wuri mai kyau ya fi gwarzonsu a wuri marar kyau. Don haka in an ce iri kaza ya ba da ton 100 a hekta, tambayar farko ita ce: a ina? Ta biyu kuma: tsohon irin da ke kusa da shi nawa ya bayar? In tsohon ya ba da 95, to ƙasar ce ta yi aikin.

Na biyu, jerin gwanaye yakan juya. Irin da ya zo na ɗaya a fadama mai laka yana iya zuwa na bakwai a ƙasa mai rairayi, wanda ya zo na bakwai can kuma ya hau gaba a nan. Wannan juyi shi ya fi damun masana, domin shi ke hana a ce ga iri ɗaya da ya dace da kowa.

Na uku, shekara ma tana da nata hukunci. A fili ɗaya, da iri ɗaya, shekarar ruwa da shekarar fari ba su fitar da gwani ɗaya. Ga rake kuma akwai ƙari. In an sare shi, kututturen yakan sake toho, a sami sara na biyu da na uku ba tare da sabon dashe ba. Akwai irin da ke cika ido a saran fari, amma tohonsa ba ƙarfi. Akwai wanda ke farawa a hankali, ya yi ta bayarwa shekara da shekaru. Shi ya sa ba a yanke hukunci sai an auna saran fari da toho ɗaya ko biyu.

Na huɗu, ƙaramin fili yana ƙarya. In aka ba kowane iri layi ɗaya tak, mai tsawo yakan yi wa maƙwabcinsa inuwa, ya ƙwace masa ruwa da taki, sai ya zama kamar ya fi shi nesa ba kusa ba. In aka shuka shi shi kaɗai a babbar gona, inda maƙwabtansa duk tsawonsu ɗaya, fifikon sai ya ragu. Saboda haka a gwajin ƙarshe akan ba kowane iri layuka da yawa, a auna na tsakiya, a bar na gefe.

An kuma lura cewa zaƙi ya fi bin iri, nauyi kuwa ya fi bin wuri. Irin da ya fi ƴan uwansa zaƙi a nan, galibi zai fi su a can. Amma yawan karan da zai bayar, wannan sai an gwada a wurin.

Misali da lissafi

Bari mu ƙaddara misali, domin abin ya fito fili. A ce ga iri biyu, mu kira ɗaya Dogo, ɗaya Gajere. An shuka su a garka biyu, kowane iri a fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Garkar fari ruwa ya wadace ta. Ta biyu kuwa ruwanta yakan ja baya da bazara.

A garkar fari, a ce Dogo ya ba da kilo 900, Gajere ya ba da kilo 700. A garka ta biyu, Dogo ya ba da kilo 300, Gajere ya ba da kilo 450.

In aka haɗa aka raba biyu, Dogo yana da kilo 600, Gajere yana da kilo 575. A takarda Dogo ne ya ci, kuma sunansa za a ji a rediyo. Ba a yi ƙarya ba. Amma mai garka ta biyu, in ya bi wannan labari ya dasa Dogo, ya yi asarar kilo 150 a kowane fili, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da Gajere zai ba shi. Matsakaicin lissafi na hukuma ne. Manomi kuwa gona ɗaya gare shi, kuma abin da ta bayar shi zai ci.

Abin da ya faru a Indiya

Indiya ita ce ta biyu a duniya wajen noman rake, bayan Barazil. A shekarar 1912 aka buɗe cibiyar binciken rake a garin Koyimbato da ke kudancin ƙasar, saboda a can rake yana fure yana yin ƴaƴa da kyau. Matsalar da aka sa gaba ita ce ta arewacin ƙasar. Raken kudu mai kauri da zaƙi ba ya jure sanyin arewa da zafin bazararta, raken arewa kuma siriri ne, amfaninsa kaɗan. Sai masana suka haɗa rake mai kauri da wani ɗan uwansa na daji, wanda ba shi da zaƙi amma ba abin da ke kashe shi. A 1918 suka fitar da irin da ake kira Co 205, ya karɓu a yankin Panjab na arewa. A 1932 kuma aka buɗe reshen cibiyar a Karnal, cikin arewar kanta, domin a riƙa tace irin arewa a ƙasar arewa.

Wani abin ya sake faruwa. An aika ƴaƴan rake daga Koyimbato zuwa yankin Natal na Afirka ta Kudu, aka shuka su can, aka tace su a ƙasar can da ruwan can. Daga cikinsu aka sami NCo 310, wanda aka fitar a 1945, ya bazu har tsibirin Taiwan da wasu ƙasashe da yawa. Iyayen na Indiya ne, amma ƙasar Natal ce ta nuna wanda ya cancanta a cikin ƴaƴan.

Labari na uku gargaɗi ne. A 2009 aka fitar da Co 0238, wanda aka tace a Karnal. Ya haɗa nauyi da zaƙi, manoma suka rungume shi, har ya rufe fiye da kashi 80 cikin 100 na gonakin rake a jihar Uttar Piradesh. Wajen shekarar 2020 sai wani sabon nau'in cutar da ke ruɓar da cikin kara ya mai da shi ja ya auka masa. Da yake kusan kowa iri ɗaya ya dasa, cutar ta sami hanya a buɗe daga gona zuwa gona, aka shiga neman wasu ire-iren da za su maye gurbinsa. Cuta ma tana cikin halin wuri, kuma halin wuri yana sakewa. Irin da ya ci gwaji jiya bai gama cin gwaji ba.

To, mu a Damargu fa?

Mu ɗauki alƙalami. Ruwa milimita 1 a fili mai mita 1 tsawo da faɗi, lita 1 ke nan. Fili mai mita 10 da mita 10, in za a ba shi milimita 1,500, yana bukatar lita 150,000. Tano mai cin lita 200, sai an cika shi sau 750. A wajen Tanut ruwan sama yakan tsaya tsakanin milimita 200 da 300 a shekara. In an sami 250, sama ta ba da tano 125 ke nan, saura tano 625 a wuyan mai garka. Wannan kuwa mafi ƙarancin lissafi ne. A ƙasa irin tamu mai zafin rana da busasshiyar iska, bukatar ta fi karkata ga milimita 2,500, wato tano 1,250, duk domin ɗan filin da bai wuce tsakar gida ba.

Kowa ya san zurfin rijiyoyin Damargu, da yadda mutane da bisashe ke layi a bakinsu da rani. Tabkunanmu kuma yawancinsu sukan ƙafe kafin bazara, daidai lokacin da rake ya fi jin ƙishirwa. Babu wani sabon iri, kome sunan da ya yi, da zai cike wannan giɓi. Irin da ake ce masa mai jure fari a ƙasashen rake, farin makonni ake nufi, a ƙasar da ke samun ruwa ninki huɗu ko biyar na namu.

Wanda ke da ruwan da ba ya yankewa duk shekara, ba a hana shi gwadawa ba, amma ya fara da layi biyu ko uku, ya ga sun ƙetare bazara, ya ga tohonsu. Ya nemi kara daga garka mai lafiya, kada ya karɓi dashe daga inda ya ga rake ya fitar da wata baƙar bulala a kansa, domin cuta ce mai bin dashe. Wanda ba shi da irin wannan ruwa, takanɗa ta fi masa. Dangin dawa ce, tana nuna cikin damana ɗaya a ƙasa mai riƙe laima, a sha karanta, bisashe su ci ganyen. Ruwan garka kuma a bar shi ga kayan lambu masu wata uku ko huɗu.

Darasin ya fi shafar hatsi

Abin da aka gani ga rake, shi ne ake gani ga hatsi da wake da dawa, kuma a nan ne rumbunmu yake. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da gonakin gwaji a wurare kamar Tarna kusa da Maraɗi, da Kollo, da Bengu wajen Gaya. Cibiyar ICRISAT kuma tana Sadore, kudu da Yamai. Daga aikin binciken da aka yi a ƙasarmu aka sami ire-iren hatsi irin su HKP da CIVT, da Chakti wanda aka fitar a 2018, mai saurin nuna, mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. An sami wake irin su TN5-78. Aiki ne mai amfani, ya kuma taimaki manoma da yawa.

Sai dai duk wuraren nan da muka ambata sun fi Damargu ruwa. Damanarsu ta fi tamu tsawo. Irin da ke bukatar kwana 90 yana iya cika rumbu a Tarna, amma a arewacin Tanut ruwa ya ɗauke masa yana cikin fure. Kakanninmu sun san da haka. Shi ya sa zango mai doguwar zangarniya ya zauna a kudu, ankutes mai gajeren kai kuma ya zama hatsin Damargu. Shekaru aru-aru na fari da iska da rairayi su suka tace shi, kamar yadda ƙasar Natal ta tace raken Indiya. Wanda ya ga 1973 da 1984 da 2004 ya san ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Nagartar iri a ƙasarmu, a mummunar shekara ake ganinta.

Wannan ba ya nufin a guji sabon iri. Damana tana rikiɗa, wani lokaci ta makara, wani lokaci ta ɗauke da wuri, kuma iri mai kwana 65 ko 70 yana iya ceton gida a shekarar da aka yi shuka a ƙarshen Yuli. Amma shi ma yana da nasa sharaɗi: in shi kaɗai ya nuna a karkara, tsuntsayen yankin duk kansa za su taru. A cikin Damargu kanta ma wuri ya bambanta. Jigawa dabam, geza dabam, fadamar Tarka dabam. Abin da ya yi kyau a Olelewa ba lalle ne ya yi a Tanhiya ba.

Tambayoyi biyar kafin a karɓi iri

Ko saye za ka yi, ko kyauta aka kawo, ka tambayi malamin gona ko mai sayarwa:

1. Mene ne sunan irin? Iri marar suna ba a san halinsa ba.
2. Kwana nawa yake yi daga shuka zuwa nuna?
3. Ruwa milimita nawa yake bukata? Ƙasarmu tana da kundin ire-iren shuka, inda aka rubuta kwanakin kowane iri da yankin ruwan da ya dace da shi. Malaman gona sun san shi.
4. A ina aka gwada shi, kuma damana nawa? An gwada shi a wuri mai kama da namu?
5. Da wane iri aka kwatanta shi, kuma da taki ko ba taki? Amfanin da aka samu da buhun taki ba shi za a samu a gonar da ba ta ga taki ba.

Yadda za ka yi gwaji a gonarka

Gani ya kori ji. Kowane manomi yana iya yin abin da masana ke yi, daidai ƙarfinsa.

Ka zaɓi wuri a gonarka inda ƙasa take bai ɗaya. Ka nisanci gindin gawo, da tsohon makwancin bisashe, da suri, da bakin hanya, domin shukar waɗannan wurare ba ta faɗin gaskiyar gona.

Ka auna filaye shida masu girma ɗaya, kowane taki 10 tsawo, taki 10 faɗi. Ka shuka sabon iri a na ɗaya, naka na gida a na biyu, sabo a na uku, haka har shida. Kowane iri ya sami fili uku ke nan. In fili ɗaya ya faɗa wuri mai kyau, sauran biyun za su tona asiri. Ka kafa itace ko dutse a kowace kusurwa.

Ka yi musu kome daidai: shuka rana ɗaya, tazara ɗaya, noma rana ɗaya, taki ɗaya. Mutum yakan so ya tarairayi baƙon iri, ya ba shi wuri mai kyau da taki mai yawa. In ka yi haka, kanka ka ruɗa.

Ka rubuta ranar shuka, da ranakun da aka yi ruwa, da ranar da kowane iri ya fitar da kai, da ranar da ya nuna. Ka lura da wanda ya fi jure tsayawar ruwa, da wanda ƙuduji ko tsutsar zangarniya ko tsuntsaye suka fi damu.

Da kaka, ka girbe kowane fili dabam, ka sussuke dabam, ka auna da tiya. Kada ka ƙirga da dami, domin damin doguwar zangarniya da na gajera ba su ba da tsaba ɗaya. Ka duba yawan kara, tun da abincin bisashe ne da kayan darni. Ka ba matan gida su daka, su dama fura, su tuƙa tuwo, su faɗi nasu. Irin da ke da wuyar daka, ko wanda furarsa ba ta karɓu ba, ko wanda ƙwari ke saurin ci a rumbu, ba zai zauna a gida ba kome yawan tiyarsa.

Ka maimaita damana uku kafin ka yanke hukunci. In manoma biyar ko goma na garuruwa dabam-dabam suka yi wannan gwaji da iri ɗaya, wasu a jigawa, wasu a geza, suka haɗu bayan kaka suka kwatanta abin da suka rubuta, to sun yi irin gwajin wurare da yawa da cibiyoyin bincike ke kashe kuɗi a kansa. Su kai wa malamin gona sakamakon, domin masana su ma suna bukatar labarin yadda irinsu yake yi a arewa.

Abin da za a riƙe

Ko sabon iri ya ci gwajinka, kada ka zubar da na gida. Ka tuna da manoman Indiya da suka zuba dukiyarsu a kan iri ɗaya. Ka raba gonarka: wani sashe mai saurin nuna, wani sashe na gida da ka san halinsa. Ka zaɓi zangarniyar iri tun tana tsaye a gona, ka ajiye ta dabam, domin irin da ya ɓace daga gari da wuya a sake samunsa.

Rake ya san fadamarsa, ankutes ya san jigawarsa. Duk wanda ya zo maka da labarin iri mai abin mamaki, ka saurare shi da kyau, ka tambaye shi inda aka gwada, sa'an nan ka ba irin taki goma a gefen gonarka ya faɗi sauran da bakinsa. Allah ya ba mu damana mai albarka.